Ranar da Yaya Ta Shanya Faya-fayai

Ina cikin kwashe shanyata a saman bene na ji Yaya tana kirana ƙasa-ƙasa, irin kiran wanda ya yi ɓarna. Na zagaya bayan tankin ruwa na same ta tsugune, hannu biyu a ka. A gabanta, kan kwanon da aka rufe ɗakin injin ruwa da shi, faya-fayan garmahon mijinta ne jere reras kamar an kife farantai, ranar tsakiyar yini tana ta dukansu. Babu ko ɗaya da ke kwance daidai. Wani ya turo ciki, wani gefensa ya naɗe sama, wasu kuwa sun bi tudu da kwarin kwanon sun ɗauki siffarsa.

"Wanke su na yi," ta ce. "Likita ya ce kada a bar ƙura a ɗakin."

Na kai hannu zan ɗauki ɗaya, zafi ya sa na sake shi ba shiri.

Yaya ba uwa ɗaya ce ta haife mu ba. Maƙwabciyata ce, ƙofarmu na kallon juna, bango ɗaya ya raba ɗakin kwanansu da falona. Ta girme ni, shi ya sa nake kiran ta haka tun zuwana gidan da ƙuruciyata. Mijinta kuwa kowa Mai Agogo yake ce masa, don a ƙarƙashin matakalar gidan yake da ɗan shagonsa na gyaran agogo kafin ido ya ƙi. A lokacin da nake ba ku labari yana kwance a asibiti da ciwon ƙirji, kuma likitoci sun ce jibi a zo a tafi da shi gida ya huta. Babu wanda ya faɗa da baki, amma duk mun san irin hutun da ake nufi.

Mutumin nan ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abinsa ɗaya ne a duniya, wani mawaƙi da ya daɗe da rasuwa, wanda ban taɓa jin ya kira sunansa ba sai dai ya ce Mutumina. Duk faifan da Mutumina ya taɓa fitarwa yana da shi. Da kamfani ya dawo yana sake buga tsofaffin, su ma ya bi ya saya, ya jera su a kanta daban da ledarsu ba a ɓare ba. Na taɓa tambayar sa amfanin sayen abin da ba za ka saurara ba, ya ce don kada Mutumina ya ga kamar an daina yayinsa. Ni dai ban gane wannan lissafi ba har yau.

Kuma ni ce na fi kowa shan wahalar Mutumina. Kullum da yamma sai murya ta ratso bango, ga kiɗa, ga wani ƙaras-ƙaras kamar ana suya. Na yi mita, na buga bango da muciya, na kai ƙara wurin Yaya, duk a banza. In mun haɗu a matakala sai ya cire hula ya ce, maƙwabciya, jiya kin ji waƙa ta uku kuwa? Sai ka rasa ta inda za ka fara faɗa da shi.

Abin da bai yarda da shi ba shi ne a taɓa masa faifai. Autarsu tana ƙarama ta sha ranƙwashi a kan haka, shi ne kawai dukan da ya taɓa yi mata. Yaya kuwa tun aurensu tana share ɗakin nan, tana goge ko'ina, in ta iso kantar sai ta kewaye. Sai yau, da aka ce mata ƙura na iya shaƙe shi, ta zaro tsofaffin daga kwalayensu ta ga duk sun yi furfura da ƙura. Ta haɗa ruwan sabulu a baho ta wanke su tas, ɗaya bayan ɗaya, ta hau da su sama. Mace ce da ta san abin da aka wanke a rana ake shanya shi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata akwai abin da rana ke narkarwa ban da man shafawa.

Muka kwaso su a zane muka sauko. Ta zauna bakin gado tana juya ɗaya a hannu, wanda ya fi so, mai hoton mutum da hula a kwalinsa. Ya lanƙwashe kamar murfin tukunyar da aka taka, takardar tsakiyarsa ta jiƙe ta saɓule. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Abu ɗaya ya hana ni a gidan nan," ta ce. "Yanzu da wannan zai tafi yana kallona."

Ni da rawar kai na ce a kawo dutsen guga. Muka shimfiɗa zane a kan wani da muka ga kamar bai damu da shi sosai ba, na danna. Ya miƙe kam, amma da muka ɗaga zanen layukan nan nasa sun shafe sumul, ɗaki ya gauraye da warin ƙonanniyar roba. Yaya ta dube ni, na dube ta, na zare wayar daga bango. Sauran muka jera su ƙarƙashin katifa, muka ɗora akwatuna, har ni na hau na zauna, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce. Washegari muka ɗaga, suna nan yadda suke.

Auta ce ta kawo dabara da ta zo daga gidan mijinta. Ta gama salatinta, ta share hawaye, sai ta miƙa hannu kantar sababbin ta zaro mai hoton mutum da hula. Waƙoƙin ɗaya ne, in ji ta, kuma Baba ba ya gani sosai. Ta farke ledar, ta zura sabon faifan a tsohon kwalin, ta mayar inda yake. Lanƙwasassun muka tura su can ƙarƙashin gado. Yaya ba ta so ba, ta ce ita ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce mata ai ba ƙarya za ta yi ba, shiru kawai za ta yi. Ta yarda, amma jikinta a sanyaye.

Da aka kawo shi, a kujera aka hau da shi bene. Na tausaya masa ƙwarai. Mutumin da ke hawa matakalar nan yana fito, ga shi ya koma ƙashi da fata, agogonsa na yawo a hannu har gwiwar hannu. Duk da haka da ya gan ni sai da ya taɓa inda hularsa take zama. Aka kwantar da shi, aka jingina masa matasai, ya ja numfashi ya ce ɗakin ya yi ƙamshi. Yaya ta sunkuyar da kai.

Da yamma ta yi ya nemi Mutumina. Ya gwada tashi, jiki ya ƙi. Ya daɗe yana kallon garmahon, sannan ya ce da Yaya ta matso, yau ita za ta sa. Ina tsaye bakin ƙofa da kofin ruwan zafi na ga yadda yake koya mata: ta riƙe ta gefe da tafin hannu, kada yatsa ya hau fuska, ta hure allurar, ta sauke ta a hankali kamar za ta kwantar da jariri. Ta kuwa yi daidai.

Murya ta fito tas, babu suya ko kaɗan. Ni a kunnena ma ta fi daɗi. Ya lumshe ido, yatsansa na bin kiɗan a kan bargo. Waƙar farko ta ƙare, aka yi ɗan shiru, ta biyu ta fara. Sai na ga yatsun sun tsaya. Ya buɗe ido.

"Ina mai tarin?" ya ce.

Auta ta ce wane tari, Baba? Ya yi mana bayani yana hutawa tsakanin kalma da kalma. A faifansa, tsakanin waƙar farko da ta biyu, akwai wani cikin makaɗa da tari ya kuɓuce masa, aka naɗa da shi. Tun yana saurayi in an zo wurin sai ya ce masa sannu. Ni kuwa shekara da shekaru ina jin wannan sannu ta bango, na ɗauka da Yaya yake, har ina yi wa nawa mijin gori a kan yadda wasu ke lallaɓa matansu.

"Sababbin an goge shi," ya ce. "Wannan ba nawa ba ne. Ina nawa?"

Auta ta buɗe baki za ta ƙara wata ƙaryar, Yaya ta ɗaga mata hannu. Ta durƙusa, ta jawo faifan daga ƙarƙashin gado, ta ɗora masa a ƙirji. Ta faɗa masa komai, da bahon, da sabulun, da kwanon. Dutsen guga ne kawai ta rufa mini asiri. Ta ce ya yafe mata, in kuma ba zai iya ba ta san ita ta jawo.

Ya bi gefen faifan da yatsa, ya hau tudun ya gangara, ya sake zagayowa. Ni kuwa har na fara neman hanyar sulalewa. Na ga ransa ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne. Yaya na durƙushe ba ta motsa ba.

"Duka?" ya ce.

"Duka tsofaffin."

"Da sabulu?"

"Da sabulu."

Can sai ya miƙa mata faifan ya ce ta sa shi. Ta ce ai ba zai yi ba. Ya ce ita ce mai gyara ko shi? Ya sa Auta ta buɗe aljihun teburinsa ta ɗauko murfin wani tsohon agogo, aka ɗora a kan hannun garmahon don ya danne allurar kada ta yi tsalle.

Faifan ya fara juyi yana tashi yana sauka, allura na biye da shi. Suya ta dawo. Sai ga muryar Mutumina tana lilo, ta yi sama ta shaƙe, ta yi ƙasa ta yi kauri, kamar mai waƙa a bayan motar da ta faɗa hanya mai ramuka. Ni dai na cije leɓe. Shi ne ya fara dariya, wata 'yar dariya mara ƙarfi da ta koma tari, aka ɗaga shi, aka ba shi ruwa, ya ci gaba da abinsa. Ya ce Mutumina ma ya tsufa, dama ya daɗe yana jin haushin shi kaɗai ke tsufa. Waƙar ta ƙare. A cikin ƙaras-ƙaras ɗin nan wani ya yi tari, ƙarami, can nesa.

"Sannu," in ji Mai Agogo.

Sannan ya lalubo hannun Yaya ya ce ta tashi, gwiwarta ba lafiya gare ta ba. Ya ce tunda ya mallake su babu wanda ya taɓa yi musu wanka, ai sun gode. A nan ne ta yi kukan da ta riƙe tun saman bene, ni ma na taya ta, ba kunya.

Bai ƙara mako biyu ba. Kullum da yamma Yaya ce ke sa masa, ta ƙware har ta daina neman Auta. Abinci ya daina shiga, magana ta ragu, amma sannun nan ba ta fasa ba, sai dai kullum tana ƙara yin ƙasa. Ni da nake buga bango da muciya, sai ga ni ina jawo kujera jikin bangon in zauna da kayan ninki, ina kasa kunne. In na ji ta sai in san ya ga yau.

Ranar da abin zai faru ina zaune a wurin, rigar jikana a cinyata. Waƙar farko ta yi lilonta ta ƙare. Mai tari ya yi tarinsa. Na jira, ban ji komai ba. Kiɗan ta biyu ya shigo, ya yi nisa, sannan na ji muryar Yaya, a hankali, a makare.

"Sannu," ta ce.

Na ajiye rigar na tsallaka. Ƙofar a buɗe take. Ta riga ta shafe masa ido, ta gyara masa bargo har wuya, tana zaune bakin gadon da hannunsa cikin nata. Na yi salati, na ce Allah ya jiƙansa, ta amsa da kai. Na nufi garmahon zan kashe, ta ce in bari, ba ya son a ɗaga allura waƙa ba ta ƙare ba.

Sai na zauna kusa da ita. Hasken yamma ya shigo ta labule ya kwanta a kan faifan, muna kallon sa yana tashi yana sauka, har Mutumina ya kai ƙarshen waƙarsa.