Hannun Mai Walda

A shekarar da ake shimfiɗa babban bututun mai a Alaska, daga tekun arewa har tashar jiragen ruwa ta kudu, Cleophus Tarver yana da shekara hamsin da biyu, aikinsa kuwa jan bas. Baƙar fata ne, mutumin Mississippi. Ya yi soja, ya ja manyan motoci shekara ashirin, da matarsa ta rasu sai zaman gidan ya gagare shi, ya bi masu zuwa arewa. Ana cewa ba a taɓa narka dukiya a aiki ɗaya kamar yadda ake narkawa a wannan ba. Shi dai abin da ya sani, kullum ƙarfe shida na safe zai kwashi masu walda talatin da biyu daga sansanin Tin Creek ya kai su bakin aiki, mil goma sha bakwai a kan hanyar tsakuwa, da yamma ya dawo da su.

Masu walda su ne sarakunan aikin. Fararen fata ne, daga Oklahoma da Texas aka ɗauko su, kuma sun san in suka ajiye kayansu komai ya tsaya, saboda haka ba mai iya ɗaga musu murya. Naman da ya fi kyau a kicin nasu ne. In abinci bai yi musu ba sai su kife tebur su fice. Jagoransu Burl Haskins, wani ƙato mai jan wuya, wanda ko maƙiyinsa ya yarda ba hannun da ya kai nasa. In ya haɗa bututu biyu, sai ka shafa da yatsa ka rasa inda ɗaya ya ƙare.

Wata takwas Cleophus yana jan su, ba wanda ya taɓa kiran sunansa. "Yaro, taka mota." "Yaro, kashe wannan rediyon." Furfura ta cika masa kai, ya kuma girmi kusan dukansu, amma ya riga ya koyi haɗiye magana tun yana ɗan ƙarami. Sai ya ce to, ya ja mota.

Mutum ɗaya ne yake gaishe shi kamar mutum, wani dattijo siriri mai tabarau, Arvid Lindqvist, daga Duluth. Aikin Arvid ɗaukar hoton walda da na'ura irin wadda ake duba ƙashi da ita a asibiti. Kowace gaɓa aka haɗa sai ya ɗauke ta ya duba, in ya ga rami ko tsaga a ciki ya shafa mata jan fenti, a yanke a sake. A watan Yuli ya shafa jan fenti a gaɓa goma sha ɗaya cikin bututun da za a binne a ƙarƙashin kogi. Bakwai daga ciki hannun Burl ne. An yi su cikin gaggawa ana ruwa, kowa ya san haka, amma ba a taɓa shafa wa aikin Burl fenti ba.

Ranar Talata da safe Cleophus yana cin ƙwai a ɗakin cin abinci, Arvid yana gefensa, sai Burl ya jawo kujera ya zauna a gabansu.

"Tsoho, idonka ya fara mutuwa," in ji shi. "Ga hotuna nan birjik na gaɓoɓi masu kyau. Ka ɗauki goma sha ɗaya ka sauya musu lamba, kowa ya huta."

Arvid ya ajiye kofinsa. "Mista Haskins, kogi ne. In ta fashe a ƙasan ruwa, mutanen ƙauyen da ke gangare kifin nan suke ci."

"Kifi ne ya dame ka?"

"Sa hannuna ne ya dame ni."

Burl ya yi murmushi, ya ɗauki burodin da ke farantin dattijon ya gatsa, ya tashi. Washegari aka wayi gari an farke tayoyin motar Arvid duka huɗu. Ba yadda zai yi, ya ɗauki jakarsa ya shiga bas, ya zauna a kujerar da ke bayan direba.

Cleophus ya ji abin a jikinsa tun kafin su fita ƙofar sansani. Kullum motar cike take da zage-zage da dariya da warin taba, amma ran nan tsit. Rana ta riga ta yi sama, sauro yana ta karo da gilashi. Ya leƙa madubi, ya ga duk idanu a ƙeyar dattijon.

A mil na tara akwai wani tsohon ramin da ake ɗibar tsakuwa, kusa da rafi. Suna dosar wurin Burl ya taso daga baya, yana dafa kujeru, ya tsaya a kan Cleophus.

"Yaro, shiga nan. Za mu yi fitsari."

"Saura mil takwas mu isa, maigida. Akwai banɗaki a can."

Sai ya ji sanyin ƙarfe a bayan kunnensa. 'Yar gudumar nan ce mai tsini da masu walda suke ƙwanƙwasar gaɓa da ita. Cleophus ya karya kan motar, ya gangara cikin ramin, ya tsaya.

Mutum huɗu suka ciccibi Arvid. Ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu, wani ya taka yatsunsa da takalmin aiki har ya saki. Suka wurga shi ƙasa, sauran suka yi ta durowa suna zagaye shi. Naushin farko ya fasa tabarau a fuskarsa, gilashin ya yanke masa gira. Ya yunƙura zai tashi, aka shure shi a haƙarƙari, ya kife. Daga nan ba a ƙara gane hannun wane ko ƙafar wane ba. Dattijon bai yi ihu ba, wani irin nishi kawai yake yi duk lokacin da takalmi ya same shi. Wani ya zazzage jakarsa, iska ta kwashi takardu ta watsa cikin ramin.

Burl ya ce su dakata. Ya kama ƙwalar Arvid ya ja shi a kan tsakuwa har bakin rafi. Ruwan daga ƙanƙarar dutse yake gangarowa, ko a watan Yuli mutum ba ya iya barin hannunsa a ciki. Ya danna kan dattijon a ruwa, ya ƙirga goma da ƙarfi, ya ɗago shi.

"Ka ga kifin naka? Me suka ce?"

Arvid yana tari, jini da ruwa suna zuba ta hancinsa.

"Za ka sauya lambobin?"

Dattijon ya girgiza kai. Burl ya sake danna shi, wannan karon bai ƙirga ba.

Duk abin nan Cleophus yana zaune, hannayensa a kan sitiyari, inji yana aiki. Ya gaya wa kansa wannan rigimar fararen fata ce tsakaninsu, ba ruwansa. Yana da 'ya a garin Jackson, can Mississippi, yana da jikoki biyu. Amma yana ɗan shekara tara ya taɓa zama haka a kan amalanke, linzami a hannunsa, wasu fararen fata suka sauke kawunsa suka shiga da shi gonar auduga, shi kuwa bai motsa ba har suka fito su kaɗai. Ya dubi rafin. Ƙafafun Arvid da suke ta shure-shure sun fara lafawa.

A ƙarƙashin kujerarsa akwai ƙarfen kwance taya. Ya ɗauka ya sauka. Ba wanda ya kula da shi, don ba su saba ganinsa ba. Ya ratsa tsakiyarsu kamar mai kai saƙo, ya tsaya a kan Burl, ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu ya sauke shi a hannun da ke danne da wuyan dattijon.

Ƙarar ƙashin kowa ya ji ta. Hannun daman Burl ya lanƙwashe a inda ba gaɓa, farin ƙashi ya huda fata ya fito. Burl ya zube a gwiwa yana kallon hannun, bakinsa a buɗe. Cleophus ya yar da ƙarfen, ya kama bel ɗin Arvid ya jawo shi kan tsakuwa, ya juya shi a gefe. Ya ga dattijon ya amayar da ruwa, ya ja numfashi. Shi ne abu na ƙarshe da ya gani da ido biyu.

Suka rufar masa. Ya samu ya naushi ɗaya a maƙogwaro, ya ciji kunnen wani, daga nan suka kai shi ƙasa. Ya dunƙule ya rufe kansa, suka yi ta tattaka shi a baya da ciki da gwiwoyi. Ya ji haƙoransa suna yawo a bakinsa. Wani ya ɗauko gudumar nan mai tsini, ya sauke masa a gefen fuska, duniya ta yi fari, sannan ta yi ja.

Da kashe shi za su yi. Abin da ya hana, wata tifa ce ta shigo ɗibar tsakuwa. Direbar, wata mata mai suna Glenda Roop, tana hango abin da ake yi ta danna ham ta riƙe, ta saki motar a kansu ba birki. Suka tarwatse. Ta tsaya da tayar gaba taku uku daga kan Cleophus, ta kira sansani ta rediyo, ta sauko da bindigar da take ajiyewa saboda namun daji, ta tsaya a kansa har motar asibiti ta zo.

Kafin azahar aka sa su ukun a ƙaramin jirgi zuwa asibitin birnin Fairbanks. Wurin ba faɗi, aka jera gadon Cleophus da na Burl kafaɗa da kafaɗa, Arvid yana zaune a ɗaure a kujera, an lulluɓe shi da bargo. An yi wa Burl allura, amma bai yi barci ba. Sun yi nisa a sama ya juyo da kansa.

"Shekara ashirin da shida ina walda," in ji shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Da ka fasa mini kai, da ya fi."

Cleophus ya tara jinin da ke bakinsa ya tofar a tsumma. Da ƙyar maganar ta fita. "Kan na nufa. Tsufa ne ya sa na kuskure."

Arvid ya fara dariya, haƙarƙarinsa ya hana shi, ya koma tari.

'Yan sanda sun je sansanin bayan kwana biyu. Mutum talatin da ɗaya suka ce direba ne ya haukace ya far wa Burl ba gaira ba dalili, dattijon kuma santsi ne ya kwashe shi ya faɗa rafi. Arvid da Glenda suka faɗi nasu. Masu walda suka ajiye kayan aiki, suka ce ba za su ɗauka ba sai an sallami direban. Kowace ranar da aikin ya tsaya asara ce da ba mai son ambata, don haka a rana ta uku takardar sallama ta iske Cleophus a gadon asibiti. Ba a kai kowa kotu ba. 'Yan sandan suka ce masa ya gode wa Allah da shi ma ba a tuhume shi ba.

Gaɓoɓin goma sha ɗaya an yanke su an sake, domin tun ranar Litinin Arvid ya riga ya aika hotunan babban ofis ta gidan waya. Da ya gaya wa Cleophus haka a asibiti, Cleophus ya dube shi da idon da ya rage masa.

"To me ya hana ka gaya musu tun a mota, dattijo?"

"Ban yi tsammanin zai hana su ba," in ji Arvid. "Kuma ban yi tsammanin wani zai sauko ba." Ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mini, Mista Tarver."

Cleophus bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya roƙe shi ya miƙo masa ruwa.

An ɗaure hannun Burl da ƙusoshi, amma hannun bai koma daidai ba, bai sake riƙe sandar walda ba. Aka ce ya koma Oklahoma yana gadi a wani kamfanin taki. Arvid ya ajiye aiki kafin sanyi ya shigo, kuma duk Kirsimeti yakan aiko wa Cleophus kyafaffen kifi da wasiƙa mai tsawo, har shekarar da ya rasu.

Idon hagu ya tafi, lasisin tuƙi ya bi shi. 'Yarsa ta yi ta roƙo ya dawo gida, ya ce sai fuskarsa ta daina tsorata yara. Ya samu aiki a wani shagon facin taya a gefen Fairbanks, inda manyan motocin da ke zuwa arewa suke tsayawa. Sai da ya yi wata uku kafin ya iya zuba kofi da ido ɗaya ba tare da ya zubar a tebur ba. Glenda takan biyo duk sanda ta shigo gari, ta zauna a kan tsohuwar taya su yi hira, yawanci a kan jikokinsa. Ya yi shekara huɗu a shagon. A ta biyar, jikarsa ta fari za ta gama makaranta, ya sayar da 'yan kayansa ya hau jirgi zuwa Jackson.