Furen Cittar Baba Jusoh

Na riga na kama furen, na ɗora wuƙa a gindinsa, sai na ji muryar Baba Jusoh ta taga.

"Zaharah, mutum na kwance ma ba ki fasa sata?"

"Wannan a ɓangarena ya fito, Baba."

"Saiwar fa? Daga ɗakinki ta taso?"

Shekara goma sha tara muna wannan magana. Citta ce mai dogon kara, wadda muke kira kantan. Ya shuka ta jikin shingen da ya raba gidajenmu, ita kuwa ba ruwanta da shinge. Takan ratso ta ƙasa ta fitar da jajayen furanni a bayan madafata. Ni in yanka in sa a miyar kifi, shi ya leƙo ya yi ta mita.

Ranar kwanansa shida da dawowa daga asibiti a Kota Bharu. Likitoci sun ce ciwon hanjin ya fi ƙarfin tiyata. 'Yarsa Wati, wadda ke koyarwa a Kuala Lumpur, ta ɗauki hutu ta zo jinya. Ta sauko ta same ni a shinge, idonta ya faɗa.

"Yaya Zaharah, kwana huɗu ke nan bai sa komai a cikinsa ba. Madarar gwangwanin da aka ba mu ya ce warin ƙarfe take. In bai ci yau ba, gobe zan mayar da shi a sa masa robar abinci ta hanci."

"Ina jin ki," in ji shi daga ciki. "Gidan nan na katako ne. Ba inda zan koma. Zaharah, tunda kin yanke, hawo da shi."

Na hau. Yana kwance a katifa kusa da taga, ƙafafunsa sun zama kamar sillen kara. Ya karɓi furen ya jujjuya shi.

"Wannan ya buɗe. Duk shekarun nan ba ki iya zaɓe ba? Mai tsini ake yanka, wanda bai buɗe ba. Ki dafa shinkafa ta yi ruwa-ruwa, ki gasa kifi ki marmasa. Furen kuwa kada ya ga wuta. Ki yayyanka siriri, ki barbaɗa a kai tana tururi."

"Baba, ba mu tambayi likita ba," in ji Wati.

"Likita cewa ya yi in ci abin da raina ke so. Uwarki da wannan ta lallaɓa hawan jininta shekara ashirin. Da ganyensa aka yi mata wankan jegonki. Yana kashe ƙarnin kifi, yana buɗe ciki. Ni ban ce zai warkar da ni ba."

Na yi yadda ya ce. Ƙamshin mai tsami-tsami ya cika ɗakin. Ya ci cokali biyar, ya ce gishiri ya yi yawa, ya ƙara biyu. Wati ta fita baranda, ta kira direban da ta shirya da shi ta ce ya bari tukuna.

Haka muka yi kwana goma sha ɗaya. Kullum da hantsi in kai kwano. Wata rana ya ci bakwai, wata rana uku, bai taɓa cewa ya yi daɗi ba. Liman ya zo sau biyu. Tsofaffin abokan aikinsa na jirgin ƙasa suka zo, ya yi ta musu da su a kan shekarar da ambaliya ta shafe tasha. Daga baya cokali ya gagara. Ban fasa kai kwanon ba, sai dai in murje furen a tafin hannuna in kai masa hanci, ya lumshe ido.

Ranar Laraba ina ajiye kwanon ya yafito ni. Sai da na kai kunne kusa da bakinsa.

"Kantan ɗin nan na surukarki ne. Tun ba a kawo ki gidan ba. Ta tafi aikin hajji, na haƙo saiwa uku daga bayan rijiyarta. Nata ya mutu, nawa ya kama. Har ta koma ga Allah ba ta sani ba."

"Shi ne kake kirana ɓarauniya?"

"Ai ke ma ba ki tambaya ba." Ya mayar da numfashi. "Ki yafe mini a madadinta."

"Na yafe, Baba."

"Kada ki gaya wa Wati."

Wati na tsaye bakin ƙofa da tawul a hannu, ta ji komai. Ta koma da baya.

A ranar ya rasu, bayan azahar, Wati na karanta masa Yasin, ni ina yi masa fifita. Ya ja numfashi, muka jira na gaba, bai zo ba. Mijina ya je ya sanar a masallaci. Kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa, can bayan gonar roba.

Da mutane suka watse na koma ɗauko kwanona. Na tarar da Wati zaune a matakala ta ƙasa, kwanon a cinyarta. Shinkafar safe ta huce ta daskare, furen da ke kai ya dushe. Tana ci a hankali da cokalinsa. Na zauna a matakalar da ke sama da ita, na jira ta gama.