Gayyar da Ba Wanda Ya Zo

"Ba za su zo ba, Japhet."

"Za su zo, Mama. Ai da sauran safiya."

"Wace safiya? Dubi inuwarka, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarka."

Japhet bai duba ba. Ya ci gaba da kallon siririyar hanyar da ta taso daga cikin Gude ta biyo gefen mayo, wato kogi, har idanunsa suka fara yaji. Tun fitowar rana yake tsaye a wurin. Akuya ta wuce, wata mata mai ɗauke da itace ta wuce, amma babu mutum ɗaya mai saɓe da fartanya.

A bayansa, ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin gonar, mahaifiyarsa na zaune ta miƙe ƙafarta mai ciwo tana korar ƙudaje daga bakin tukwane. Ga kunun zaƙi cike da babbar roba, ga tuwon dawa da miyar yakuwa, ga naman zakaranta da ta yanka jiya, don ta ce ba za ta kira mutane gayya su ci lami ba. Ragowar dawar rumbu ta niƙa ta yi wannan hidimar. Tun rasuwar mahaifin Japhet gonar nan ce ke ciyar da su biyun, kuma bana ciyawa ta riga su. Dawar ta tsiro da kyau, sai gwiwar Mama ta kumbura, harƙiya ta taso ta rufe kunyoyi har ba a gane shuka sai an sunkuya. Ganyen ya soma yin rawaya. In makon nan ya wuce ba a nome ba, sai dai a sako shanu su ci.

Ya san abin da ya sa hanyar ta zama fayau, ita ma ta sani, kowa dai ya haɗiye. A unguwarsu, duk ranar da aka kira gayya kowane gida yakan ba da mutum ɗaya, kuma wanda ya je gonar wasu shi ake zuwa tasa. Tun saukar damina ba a ga ɗan gidansu a gonar kowa ba.

Yana ina? Yana Yola da farar rigarsa ɗaya tilo, yana layi a ƙofar wani ofis da ɗaruruwan masu irin fuskarsa. Yana Gombe ana ce masa manaja ya yi tafiya. Yana shagon kwamfuta a cikin Mubi yana tura takardunsa ga mutanen da ba su taɓa amsawa ba ko da zagi. Digirin tattalin arziki ya yi, ya gama sabis na bautar ƙasa ya dawo gida da murna, mata suka yi guɗa, fasto ya ɗora masa hannu a ka. Daga ranar samarin unguwa suka sa masa suna Manaja. Da farko yabo ne. Shekaru suka yi ta juyawa, sunan bai canza ba, muryar da ake faɗinsa da ita ce ta canza. Yanzu in aka ce Manaja, ji yake kamar an zuba masa garwashi a bayan wuya.

Sai ga wata ta ɓullo a kan hanyar, da sauri, tana tattare bakin siket saboda laka. Zuciyarsa ta gane ta kafin idonsa. Miriyamu ce, 'yar tsaunukan Michika da ke aiki a wani kantin magani a cikin gari, wadda ya so tun suna ƙungiyar mawaƙan coci, wadda mahaifinta ya ce masa a zo da maganar aure ranar da aka samu abin yi. Ta rataya jakar aikinta a kafaɗa ɗaya, a ɗayar kuma fartanyar aro ce mai ƙota doguwa.

"Mama, ina kwana? Ya ƙafa?" ta ce tana durƙusawa. Ta ɗago ta dubi tukwanen, ta dubi gonar, murmushinta ya tafi. "Ina mutanen?"

"Ke ce mutanen, 'yata," in ji Mama. "Zo ki sha kunu, yau ba mai yi miki rowa."

"Kin bar shago?" Japhet ya tambaye ta.

"Na ce wa madam ciwon kai nake. Ta ba ni magani kyauta ma." Ta yi 'yar dariya, shi bai yi ba. "Kai kuma ka tsaya kamar mai jiran mota. Da wannan takalmin za ka yi noma, Oga?"

Kafin ya amsa suka ji ƙarar keke. Kawu Ishiyaku ne, maƙwabcinsu, dattijon da ke raba ranakun gayya a unguwar tun Japhet na yaro. Ya sauka ya jingine keken a jikin tsamiya, ya gaisa da Mama a tsanake, ya tambayi gwiwa, ya tambayi kwanan gida. Bai kalli tukwanen ba, kuma rashin kallon ya fi kallon ciwo.

"Kawu, me mahaifiyata ta yi muku?" in ji Japhet. "Ita da ta yi shekaru tana dafa wa gayyar kowa abinci?"

"Ita ba ta yi komai ba," in ji dattijon. "Matata Fadimatu har kuka ta yi da safe, ta ɗauki fartanya, ni na hana ta. Ranar gonar Zacharia mun aika a kira ka, aka ce kana Yola. Ranar gonar gwauruwar bayan coci mun aika, aka ce kana barci. Barci, Japhet, rana tsaka, a cikin damina! Yaran nan da ke sunkuyawa tun asuba har la'asar su ma suna da baya, yana kuma yi musu ciwo. Suka ce in Manaja ya fi ƙarfin gonarsu, su ma sun fi ƙarfin tasa. In na tilasta musu yau, gobe kowa ya kwanta a ɗaki ya jira a zo masa."

"To dawar ta mutu ke nan?"

"Gobe gayyar gonata ce, ita ce ta ƙarshe a noman bana. In suka gan ka a cikin layi tun safe har a tashi, jibi zan kawo maka su nan da kaina. Abin da zan iya ke nan."

Japhet ya tuna abin da ke jiransa gobe. Ya taɓa aljihun da wayarsa take.

"Gobe ina da intabiyu a Yola, Kawu. Wani kamfanin taki ne. Su da kansu suka kira ni, da sunana. Tun da na gama makaranta ba a taɓa kirana da sunana ba."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Kawu Ishiyaku, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa.

"Ni zan je, Baba," Miriyamu ta yi caraf. "Na iya noma, a kan dutse ma aka haife ni. Ku sa ni a layi a madadinsa."

Dattijon ya dube ta da tausayi. "'Yata, na san kin iya. Amma ɗan gida ake ƙirgawa. Ke ba ki shigo gidan ba tukuna."

Ta sunkuyar da kai. Japhet ya ga yadda kunya ta sauko mata har wuya, ya san kuma ba kunyarta ba ce, tasa ce ta ɗaukar masa. Kawu Ishiyaku ya hau kekensa ya tafi.

Abin da ya biyo baya Japhet bai shirya shi ba. Ya fizgi fartanyar daga hannun Miriyamu ya faɗa gonar da takalminsa na zuwa ofis. Ya dinga sara kamar mai faɗa da wani. Kowane sara da fuskar da yake gani: mai gadin da ya ce masa ya koma gobe, sakatariyar da ta karɓi takardunsa ta ɗora kofin shayi a kai, abokin karatunsa da ya daina ɗaga waya. Gumi ya shiga idonsa. Tafin hannunsa, wanda ya daɗe da manta ƙota, ya yi bororo, bororon ya fashe, bai tsaya ba.

"Japhet! Japhet, tsaya!" Miriyamu ce ke binsa a tsakanin kunyoyi. "Dawar kake sarewa!"

Ya tsaya ya waiwaya. A bayansa, cikin ciyawar da ya kwantar, ga 'yan shukokin dawa a yashe, saiwarsu a sama, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙaramar dawa da harƙiya kamarsu ɗaya ga idon da ya daɗe bai sunkuya ba. Ya durƙusa ya ɗauki guda yana ƙoƙarin mayar da ita cikin ƙasa, yana danna gindinta da yatsun da ke jini, ta sake faɗuwa. A nan wani abu ya tsinke a ƙirjinsa. Ya zauna daɓas a cikin laka ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa.

"Ban iya komai ba, Miriyamu. Can ba sa so na, nan ma ɓarna nake yi. Me aka haife ni in yi?"

Ta durƙusa a gabansa, siket ɗinta na shan laka, ta kama hannayensa ta juya su tana dubawa.

"Ranar gonar gwauruwar nan," ta ce a hankali, "ba barci kake ba. Na zo na ga ƙofarka a rufe, na ji motsinka."

"Ina kwance ina kallon kwanon rufi. Na ji kiɗan gayyar, na ji suna waƙa. Na tashi har na ɗauki hula." Ya ja numfashi. "Kin san abin da ya mayar da ni? Gaisuwa. Duk wanda na gamu da shi sai ya ce, Manaja, ya aiki? In ce da godiya. Wane aiki? Wace godiya? Da safe in farka, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Wayar nan ko kaza ce ta taka ta sai na zabura. Wani lokacin in ga motar Yola ta tashi, in ji da ma in shiga kada in sauka ko'ina."

"Kada ka ƙara faɗin haka." Hawaye ya cika idonta, amma muryarta ta yi ƙarfi. "Ka ji ni? Kana tsammani farar riga na bi? Lokacin da na fara son ka ma rigar mawaƙa ce a jikinka, ta aro, hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Dariya ta kufce masa a cikin kukan, ta fito kamar tari.

"To faɗa mini, in tafi ko in zauna?"

"Ba zan faɗa ba. In na ce tafi, dawa ta mutu, za ka gan ni a cikin yunwar. In na ce zauna, duk ranar da ka ga mai farar riga za ka tuna ni na hana ka. Ina nan dai ko wanne ka ɗauka."

"Su nawa za su kira, kin sani? Watakila ɗari, kujera ɗaya. Watakila ma an riga an ba ɗan wani. Amma in ni ne fa? In wannan ce damar, Miriyamu, wadda na yi ta jira, na kuma juya mata baya saboda ciyawa?"

Ta ƙara riƙe hannayensa.

Sai suka ji motsi a bakin gona. Mama ce ta dafa jikin tsamiya ta miƙe. Ta jawo tsohuwar fartanyarta ta mayar da ita sanda, ta taka ƙafar mai ciwon, fuskarta ta yamutse, ta sake takawa. Gwada kanta take yi.

"Mama, ina za ki?"

"Ba inda za ni yau. Gobe nake dubawa." Ta share gumi da bakin zaninta. "Ka goge rigarka ka tafi Yolarka, ɗana. Ban sayar da awakina na kai ka makaranta don ka dawo ka sunkuya ba. Ishiyaku ya ce ɗan gida, ai ni ma 'yar gida ce. Zan shiga layin. In na kasa tsayawa, na yi da rarrafe, ba dai za su ce ba mu zo ba."

Ta ƙara taku ɗaya, gwiwar ta ƙi, ta tafi luuu. Miriyamu ta yi tsalle ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Japhet ya ga yadda Mama ta cije leɓe don kada ya ji ƙararta, ya ga siraran ƙafafunta, ya hango ta gobe a tsakiyar samari tana jan jiki a tsakanin kunyoyi, shi kuma yana zaune a kan benci a Yola da takardu a cinya yana jiran a kira sunansa.

Ya miƙe. Abin da zai faɗa yana yi masa ɗaci tun kafin ya fito. Ya je ya zare fartanyar daga hannun mahaifiyarsa.

"Zauna, Mama. Miriyamu, in kin koma ki biya ta gidan Kawu Ishiyaku ki faɗa masa ya ajiye mini wuri a layi. Su kira ni Manaja har rana ta faɗi. Ba zan je Yola ba, gobe ina gonarsa."