Gefen da Ake Fara Awo

Karo na uku ke nan noti ya ƙi shiga. Baba ya matsa faifan ƙarfen hagu, ya matsa shi dama, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, amma ina! Ramukan faifan huɗu ne, na jikin keken ma huɗu, sai dai babu wanda ya yarda ya kalli ɗan'uwansa.

Keken guragu ne na Umma, matarsa. Shekara biyu ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta, kuma tun da ƙarfen da ke riƙe tayar dama ya tsage, kwananta tara ba ta leƙa tsakar gida ba. Tsohon ƙarfen ya murɗe, ba ya kwaikwayuwa. Shi ya sa Auta, ƙaramar 'yarsu mai aikin zanen injuna, ta zana sabo a takarda ta kawo masa.

Shekara arba'in da ɗaya Baba yana yanka ƙarfe yana huda shi, bai taɓa aiki da takarda ba. A kawo masa wanda ya karye, ya juya shi sau biyu, ya fitar da sabo. Lambobin da ke takardar Auta ya karanta su tsaf. Ƙananan akwatunan da ke gefensu kuwa, masu da'ira da haruffa, ya ɗauke su kwalliyar 'yan boko.

Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. Wata biyar ke nan hannunsa na dama yana rawa. A gida da hagu yake ɗaukar kofi, a shago kuma ya koyi jingina gwiwar hannu da tebur. Yau da faifai na uku ya ƙi, sai ya zauna a benci ya kalli hannun, ya ji tsoro sosai.

Da la'asar Auta ta shigo da jakar aiki a kafaɗa.

"Baba, sannu da aiki. An gama?"

Baba ya miƙe. Ya zaro makullin shago daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Ki faɗa wa yayanki ya zo ya kwashe injinan nan. Keken kuma ki kai wa wani. Mutumin da ya kasa huda rami huɗu don matarsa, me kuma yake jira?"

Auta ta ajiye jakarta. Ta ɗauki ma'auninsa, ta jera faifan ukun, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta auna, ta sake aunawa. Can sai ta ɗago.

"Daga wane gefe ka fara awo?"

"Daga wanda ya fi kusa da ni mana. Gefe ai gefe ne, Injiniya."

"A'a, Baba." Ta jawo takardar, ta ɗora yatsa a kan harafin A da ke manne da layi ɗaya. "Wannan gefen shi ne zai zauna a jikin keken, shi ya sa na sa masa alama. Duk awo daga nan yake tashi. Wancan da ka fara da shi yankan zarto ne, ya ɗan karkace. Ramukanka sun bi shi sun karkace tare."

"Wannan ɗan akwatin fa?"

"Yana cewa babu hannun da ke sauka daidai cif, ko na inji. Don haka an ba kowane rami ɗan fili, kashi uku cikin goma na milimita. In ya faɗa ciki, ya yi. Amma daga gefen A ake auna filin."

Baba ya ƙura wa takardar ido. Kunya ta kama shi, ga kuma wani abu mai kama da sa rai da bai so ya yarda da shi ba.

"Ki faɗa min gaskiya. Filin nan, saboda ni kika faɗaɗa shi?"

To, ashe ya san Auta ta san da rawar hannun. Ita da Umma sun daɗe da lura da kofin da ya koma hagu, suka haɗa baki suka yi gum. Ranar da take zanen, sai da ta rubuta kashi biyar, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta goge ta mayar uku, domin uku keken ke buƙata.

"Na so in faɗaɗa," in ji ta. "Ban yi ba. Umma ce za ta zauna a kai."

Ta miƙa masa ma'aunin. "Auna tsakanin rami da rami da kanka. Kar ka ce daɗin baki nake maka."

Ya gyara tabarau ya auna. Ya ɗauki faifai na biyu, ya ɗauki na uku. Ko rabin filin da ta bayar bai ci ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ke kuma da kika kawo takarda kika yi gaba, da kin tsaya kin yi wa tsoho karatu, ai da uwarki tana shan iska tun shekaranjiya."

"Ka ce ba ka buƙatar bayani."

"Ni na ce haka?"

"Har da tsaki."

Ya yi dariya, ya jawo sabon ƙarfe. Ya goge gefe ɗaya da magagari har ya kwanta sumul, ya rubuta A da alli, babba, kamar mai gudun kada ya ɓace masa. Da ya ɗora tsinin alama inda ramin farko zai fito, hannun ya soma rawarsa. Wannan karon bai jingina gwiwar hannu ba, bai kuma juya mata baya ba.

"Auta, riƙe min nan."

Ta ɗora hannunta a kan nasa. Ya buga guduma.

Kafin rana ta faɗi noti huɗu suka shige da yatsa kawai. Baba ya murza tayar, ta juya ba ƙara. Auta ta tura keken zuwa ƙofa, ta tsaya tana gyara jakarta, ba ta waiwayo ba. A bayanta ta ji ƙarar makulli ya bar kan tebur, yana ɗan kaɗawa har ya shiga aljihun Baba.