Neman Mai Laifi a Bakin Ɗakin Bakwaini

Gidan wani direba su biyar ne: shi, matarsa, mahaifiyarsa da kowa ke kira Kaka, ƙanwarsa Goggo, sai 'yarsa ƙarama da ake ce wa Auta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne sanin cewa abu kan lalace ba tare da wani ya lalata shi ba. Ko kofi ne ya tsage, sai an zauna an gano wanda ya yi masa kallon ƙarshe.

Ana nan sai matar direban ta haihu, cikin ko wata bakwai bai cika ba. Aka sa jaririn a kwalba cikin wani ɗaki mai tagar gilashi, dangi na leƙe daga baranda. Ran da aka kai Auta, ta yi ɗage ta ƙwanƙwasa tagar da ɗan yatsa.

"Kai, ni ce yayarka," in ji ta. Ba wanda ya lura.

Washegari likita ta ɗora na'urar hoto a maɗigar jaririn, ta ce an ga jini kaɗan ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Nan take aka buɗe kotu a kan bencin baranda.

"Tuƙinka ne," in ji Kaka, tana nuna ɗanta. "Ka ɗauko mai naƙuda, amma ba ramin da ba ka tsaya kun gaisa ba."

"Haba Mama! Ki dai tambayi wadda ta shigo asibiti kamar ta yi ɓarin turare."

"Yaya, kar ka jawo ni," in ji Goggo. "Turare na fasa kai ne? Uwarsa ce ta ƙi zama wuri ɗaya, kullum tana duƙe tana wanki."

Da yake uwar tana ciki kusa da ɗanta, ba ta da bakin kare kanta, saura kaɗan baki ya zo ɗaya a kanta. Sai Auta ta miƙe daga ƙarshen benci.

"Ba Umma ba ce. Ni ce. Na buga masa gilashi."

"To fa!" in ji Kaka. "An ƙwace mata autanci, ta fara ramuwa."

Wasan jika da kaka take yi, amma yarinyar ta fashe da kuka. Likitar, wadda ta fito za ta wuce, ta dawo ta durƙusa a gabanta.

"Share hawayenki, 'yammata, ki saurara. A tsakiyar kan jariri akwai wurin da ake ginin ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin wurin sababbi ne, bangonsu bai yi kauri ba, a cikin uwa suke ƙarasa yin ƙwari. Ƙaninki ya fito da wuri, ga wahalar numfashi, jini na zuwa musu da ƙarfi yana raguwa, sai ɗaya ta ɗan tsage. Shi ya sa muke kwantar da kansa a miƙe, ba ma yawan ɗaukarsa. Nasa kaɗan ne, irinsa yawanci jiki ke shanyewa. Za mu sake hoto mu gani."

Direban ya gyara murya. "To likita, a taƙaice, wa ya jawo?"

"Babu."

"Babu kamar yaya?" in ji Kaka. "Ko ɗan kashi-kashi ba za a raba mana ba?"

Likitar ta girgiza kai ta wuce. Kowa ransa ba daɗi, kamar waɗanda aka tasa daga kan abinci.

"Likitocin yanzu ba sa son faɗin gaskiya," in ji Goggo ƙasa-ƙasa. Aka koma kan ramukan hanya.

Auta ba ta ƙara sauraronsu ba. Ta gane cewa jijiyoyin kan ƙaninta ba su gama ƙwari ba ne, kuma ba ita ta tsaga su ba.