Kafin Yaye

Marigayiya matata ta bar mini abu uku: 'ya ɗaya, kabad cike da zannuwa, da wata tsohuwar kyanwa mai suna Toka. A cikin ukun, 'yar ce kaɗai take da makullin gidana.

Ni da Toka ba mu taɓa shiri ba. Shekara da shekaru muna zaman doya da manja, ita tana hawa littattafaina, ni ina korar ta da jarida. Bayan rasuwar sai ta fara kwanciya a kan ƙafata, ba don ƙauna ba, don dai babu wata ƙafar a gidan. Ni ma a kan wannan sharaɗin na karɓe ta.

Da tsufanta ta ɗauko ciki. Ban san na wa ba ne, ban kuma bincika ba. Ta haihu a cikin kabad, a kan zanen da marigayiya ta fi ji da shi. Biyu ba su zo da rai ba. Ɗaya ta tsira, baƙa wuluk da farin tabo a hanci, kamar wadda ta leƙa kwanon gari.

Jaririyar ba ta daɗe da buɗe ido ba Auta ta zo da jikata. Auta muke kiran 'yar tawa, ko da yake ita ce ta fari kuma ita ce ta ƙarshe. Yarinyar ta leƙa kabad ta ƙwalla ihu.

"Kaka, tawa ce! Na riga kowa!"

"Taki ce, 'yar tsohuwa," na ce, "amma ba yau ba. Sai ta yi wata biyu ko fiye. Sai ta fara ci da kanta, an ba ta maganin tsutsa, an yi mata rigakafi."

Auta ta yi dariya. "Baba, kyanwa ce fa, ba ɗan mutum ba."

"Ke da kike 'yar mutum, uwarki ba ta yaye ki a sati uku ba."

"To ai Injiniya cewa ya yi in dai za a kawo, a kawo ta tun tana ƙarama, ta fi horuwa."

Injiniya mijinta ne, mutumin da yake goge tafin takalminsa kafin ya shiga motarsa. Na yi aikin gyaran kurakurai a maɗaba'a har na yi ritaya, da kuskuren mutane na ci abinci, amma ban taɓa samun inda zan sa wa surukina jan biro ba. Wannan ma yana cikin abin da ya sa ba na son sa.

"Injiniya ya horar da gada da kwalbati," na ce. "Wannan sai uwarta ta gama da ita."

Tun bayan rasuwar Auta take fama da ni in koma gidansu. An ware mini ɗaki, in ji ta, har da banɗaki a ciki. Kullum amsata ɗaya ce: wa zai kula da Toka? Da lokacin aikin idona ya zo, za a cire mini yana, dole na yarda in yi 'yan kwanaki a wurinsu. Kafin mu fita na tsayar da ita a gaban kabad.

"Ki riƙa zuwa kina ba uwar abinci da ruwa. Kada a taɓa 'yar."

"Haba Baba."

"Ba haba nake nema ba."

Ta ɗora hannu a ƙirji. "Na yi maka alkawari."

Aiki ya yi kyau. Likita ya liƙe mini ido ɗaya, ya ce ban da sunkuyo, ban da susa, ban da ƙura. Auta tana gefe tana gyaɗa kai kamar ɗalibar da ta riga ta san amsa. Aka kai ni ɗakin nan mai banɗaki a ciki, wanda ƙamshin maganin goge ƙasa ya hana ni sanin ko a gida nake ko a asibiti. Duk lokacin da na tambayi lafiyar Toka sai Auta ta ce, "Lafiyarta ƙalau, ta fi ka ƙiba."

Wata rana da hantsi, Auta ta fita, na ji wani ɗan kuka siriri daga wajen kicin, kamar ƙyauren da yake neman mai. Na kira jikata.

"Mene ne wancan?"

Ta sa yatsa a baki. "Mama ta ce kar in faɗa maka."

"To kada ki faɗa. Ki nuna mini."

A sito na sami jaririyar Toka, cikin kwalin takalmi, a kan tayil mai sanyi. An ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Gefenta ga faranti da madarar gwangwani ta yi yana, ba a taɓa ba, don bakin da bai san komai ba sai nono bai iya lasa ba. Kwantsa ta liƙe mata ido, gindinta duk zawo. Na ɗauke ta, sai na ji kamar na ɗauki safa jiƙaƙƙiya. Tana ƙamshin sabulun wanke gashi.

"Mun yi mata wanka," in ji jikata. "Abba ya ce tana da ƙuma. Kuma mun ɗura mata madara da cokali, amma sai ta riƙa fitowa ta hanci."

Na cusa jaririyar cikin rigata, na zauna a falo ina jira. Da Auta ta shigo ta ga jan ƙyallen a kan tebur, ta tsaya da leda a hannu.

"Baba, bari in yi maka bayani."

"A mota. Ina Toka?"

"Mun ba wani mai gidan burodi. Ɓeraye sun dame shi. Wallahi can ta fi jin daɗi."

Likitar dabbobin da muka je wurinta mace ce mai saurin hannu, ba ta ɓata lokaci a kan gaisuwa ba. Ta ɗora 'yar a kan sikeli, ta ja fatar wuyanta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye.

"Wa ya yi mata wanka?"

Auta ta dubi hoton wani kare a bango.

"Wa ya ba ta madarar shanu?"

Har yanzu karen take kallo.

Likitar ta ce a wannan matakin jaririyar kyanwa ba ta iya ɗumama kanta, ko fitsari ba ta iya yi sai uwar ta lashe ta. Madarar shanu zawo take sa su, zawon kuma shi ne yake ƙarar da ruwan jiki. Wadda ta fito ta hanci ita ta fi ba ta tsoro, kada wani abu ya sauka huhu. Ta yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ta ba ni garin madara irin nasu da ɗan sirinji.

"Kada ka ba ta komai in jikinta da sanyi. Ka ɗumama ta tukuna. A kan cikinta za ta sha, ba a rigingine ba. Ni ba zan yi muku alkawari ba."

"Madalla," na ce. "Na ƙoshi da alkawari."

"Amma ina uwar?" in ji likitar. "Duk wannan da na ba ka kame-kame ne. In nonon bai ƙafe ba, ita ce maganin."

A mota na ce wa Auta ta kai mu gidan burodin. Muka zo shatale-tale, ta zagaya, ta sake zagayawa. Ido ɗaya gare ni, amma na gane allon tallan da muka wuce. Daga ƙarshe ta gangara gefen titi ta kashe mota.

"Baba, babu wani gidan burodi."

Na daɗe da sanin cewa in ka yi wa mai laifi shiru, da kansa zai cike layin.

"A buhu Injiniya ya sa ta. Bayan kasuwar kayan miya ya sake ta, can ƙarshen gari, don kada ta gane hanya. Don lafiyarka muka yi. Likita ya ce gashin dabba..."

"Ƙura likita ya ce. Ina wurin. Ido aka rufe mini, ba kunne ba."

Sai ta fashe da kuka, tana dukan sitiyari. "Kullum da ita kake fakewa! In an ce ka dawo wurinmu sai ka ce Toka, Toka. Ka san abin da nake ji duk lokacin da na sa makulli a ƙofarka? Tsoro nake in buɗe in same ka a ƙasa. Kyanwa za ta kira mini waya?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ciwo. Da mugunta ce ta sa ta da na san inda zan ajiye abin. Amma 'yar da na goya a kafaɗata ta zauna da mijinta, sun lissafa cewa abu ɗaya ne yake riƙe da ni a gidana, suka jira sai da aka rufe mini ido, suka sa shi a buhu. Sannan ta riƙa kawo mini shayi tana cewa Toka ta fi ni ƙiba.

Mun je bayan kasuwar. Na tsaya tsakanin kwanduna da ruɓaɓɓen tumatir, bandeji a ido, jaririya a ƙirji, ina kiran kyanwar da ko a cikin falona ba ta taɓa amsa kirana ba. Kyanwowi sun fito, har da mai kunne ɗaya. Babu Toka.

"Kai ni gida," na ce.

"Baba, idonka..."

"Gidana."

An share gidan tas. Kabad a buɗe, an wanke zannuwan, an goge, an jera su kamar na shago. Na kai hanci kan wanda Toka ta haihu a kai. Babu warin kyanwa, babu kuma ƙamshin mai shi. Tsafta ta kwashe duka biyun.

Da yake an hana ni sunkuyo, sai na tara manyan ƙamus a kan tebur na ɗora kwali a sama, daidai ƙirjina. Tun da na saye su ba su taɓa yi mini amfani irin wannan ba. Na naɗe robar ruwan zafi ta marigayiya da tawul na sa a ciki. Haka na zama uwa da furfura: in dama madara, in ɗiga a bayan hannuna in ji zafinta, in lalubi bakin da bai kai farcena ba da ido ɗaya, sannan in jiƙa auduga da ruwan ɗumi in shafa mata ciki har ta yi fitsari. Sau da yawa na taɓa ta ina tsammanin ta sandare. Ban raɗa mata suna ba, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Auta tana kira, ina ɗauka. Ta tambayi ido, in ce yana gani. Tagar kicin kuwa na bar ta a buɗe, da ɗan kwano a bakinta. Kyanwar maƙwabta ce ta yi ƙiba.

Zawon ya tsaya. Kwantsar ta washe. Wata safiya ta ciji sirinjin har ta bar shaidar haƙori, bayan nan kuma ta faɗa cikin faranti da ƙafa huɗu, ta fito tana lashe baki. Na mayar da ita wurin likita aka ba ta maganin tsutsa, aka yi mata rigakafi. Likitar ta ɗora ta a sikeli ta ce, "To, Baba, ka iya raino." Na yi kuskure na faɗa wa jikata a waya.

Washegari da la'asar na ji makulli yana juyawa a ƙofa. Auta ce da yarinyar, da wani kwando sabo mai katifa a ciki.

"Baba, ka ce in ta fara ci da kanta, an yi mata rigakafi." Tana murmushi, irin na wanda yake gwada ko ƙasa ta bushe. "Kuma ka ga yanzu babu abin da zai hana ka dawowa wurinmu. Sai ku taho tare."

"Na faɗa," na ce. "Amma alkawari igiya ce mai baki biyu. Kin saki naki bakin tun ina kan gadon asibiti."

Na juya ga jikata, wadda ta riga ta durƙusa tana wasa da jelar kyanwar.

"'Yar tsohuwa, taki ce har gobe. Amma a nan za ta zauna. Duk ranar da kika so ki zo, ki ƙwanƙwasa in buɗe miki."

Sannan na miƙa wa Auta tafin hannuna.

"Mene ne, Baba?"

"Makullin."

Ta dube ni ta daɗe. Bakin uwarta gare ta, har yadda yake rawa kafin kuka. Ta ɓalle shi daga cikin na motarta, farcenta yana zamewa, ta ajiye a kan tebur maimakon hannuna. Ta ja 'yarta suka fita, suka bar kwandon.

Kyanwar ta haura ƙamus, ta sa hannu ta ture makullin ya faɗo ƙasa. An daɗe da ɗage mini dokar sunkuyo, amma na bar shi a inda yake. Na shiga kicin na canja ruwan kwanon da ke bakin taga.