Bangon da Muka Gano a Bayan Katako

Da umarni ya zo cewa za a rufe rundunarmu, ni aka ɗora wa aikin tattara kayan tarihi, don ni ce babbar makanikiya kuma na fi kowa daɗewa a wurin. Runduna ce ta sojan ruwa mai jirage masu saukar ungulu, aikinmu ceto a teku daga gaɓar jihar Maine a Amurka. An ce za a rarraba mu wasu sansanoni, a kai jiragen kudu, a baje rumfar da muke ajiye su.

Kwamanda Whitcomb ya kira ni ofishinsa.

"Delphine, gidan tarihi sun ce akwati biyu za su karɓa. Tuta, ƙararrawa, hotuna, kofunan gasa. Sauran ki san yadda za ki yi da su."

"Ranka ya daɗe, aikin shekara hamsin da ɗoriya a akwati biyu?"

"Haka na ce musu. Suka ce in biyun ya yi mana yawa za su iya rage ɗaya."

Muka fara da ɗakin jiran kira da ke jikin rumfar, inda matuƙa ke zama su sha kofi har ƙararrawa ta kaɗa. Ni da Ignacio ne, ƙaton mai ninƙaya wanda ake saukarwa da igiya cikin ruwa ya ɗauko mutane. Hotunan ɗakin an kafe su da ƙusa a jikin katakon da aka lulluɓe bango da shi. Wani hoto ya ƙi fita, Ignacio ya fizga, sai katakon gaba ɗaya ya biyo shi.

Na buɗe baki zan yi masa tsiya, na fasa. Bangon siminti ne a baya, an shafe shi da shuɗin fenti, kuma cike yake da ƙananan mutane farare da aka zana da hannu, kowane bai fi tsawon yatsa ba, hannuwansa a ɗage sama. Muka ɓalle katako na biyu, da na uku. Layi kan layi suke, daga kusa da rufi har ƙasa, kowane layi da shekararsa a gefe. Na fara ƙirgawa, na ɓace a hanya, na bari. Ignacio ya zauna a ƙasa riƙe da hoton.

Washegari tsohon matuƙin nan Arvid Lindqvist ya zo. Ya haura tamanin, amma duk Juma'a sai ya shigo ya ci mana cincin, ya gaya mana cewa jiragen yanzu kayan wasa ne. Na ja shi zuwa ɗakin.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Sannan ya cire hularsa.

"Ashe suna nan," ya ce. "Na ɗauka an goge."

"Baba, su wane ne?"

"Duk wanda muka ciro da rai. Wanda ya ciro shi ne zai zana, tun kafin ya cire jiƙaƙƙun kayansa. Daga baya wani kwamanda ya zo mai son tsafta, ya sa aka rufe da katako, mu kuma muka watse."

Ya matsa yana bin layi da yatsa. Ga na jirgin dakon mai da ya rabe biyu, layi guda cur. Ga yara uku da iska ta ja kwalekwalensu. Ignacio ya nuna wani abu mai ƙafa huɗu.

"Wannan fa, Baba? Akuya kuka ceto?"

"Kare ne, marar kunya. Ni na zana shi. Maigidansa ya ƙi kama igiya sai an fara ɗaukar karen."

Arvid ba ya riƙe magana. Kafin mako ya zagayo gari duk ya ji, mutane suka fara zuwa bakin ƙofar sansani suna roƙon a bar su su gani. Kwamanda ya ce a bar su. Masunta suka zo da ƙarnin kifi a jikinsu, tsofaffi da jikoki, kowa yana neman shekararsa. Ba suna ko ɗaya a bangon, amma sai ka ga mutum ya ɗora yatsa kan wani ɗan zane ya ce, "Ga ni nan." Wani dattijo ya zo da iyalinsa, suka cika ɗakin har waje. Na dubi ɗan farin zanen da yake nunawa, na dubi taron da ke bayansa. Duk shekarun nan ina gyara inji ina goge mai, ban taɓa ganin abin da aikin ya haifa a wuri guda ba.

Cikin masu zuwa akwai Odile Pelletier, mai kamfanin fasa dutse a bayan gari. Mahaifinta na cikin layin wata shekara mai guguwa. Ta ƙwanƙwasa bangon, ta leƙa bayansa, ta tambaye ni me za a yi da shi.

"Ba zai shiga akwati ba," na ce. "Za a baje shi tare da rumfar."

"Ni dutse nake yankawa kullum. Siminti ai tuwo ne. Ku nemo mini izini kawai."

Kwamanda ya sha waya da manya har aka yarda a ba gari bangon, a kafa shi a tashar jiragen masunta. Odile ta kawo zarton yanka dutse da ma'aikatanta, suka yanke shi a hankali suna zuba ruwa, mu kuma mun manna leda a kan zanen kada ya jiƙe. Da ƙugiyar injin ɗaga kaya ta ɗaga shi, haske ya shigo ɗakin ta inda ba mu saba ba.

Ranar rufewa muka yi sahu cikin fararen kaya. Aka kaɗa ƙararrawa, aka naɗe tuta aka miƙa mini, Kwamanda ya ce an sallame mu. Jiragenmu suka tashi, suka yi zagaye ɗaya a kan ruwa, suka nufi kudu. Muka tsaya har ƙararsu ta ɓace.

Sai babbar motar Odile ta fito da bangon a tsaye, ɗaure da sarƙoƙi, tana tafiya kamar ta mai jinya. Ba wanda ya shirya haka, amma muka bi ta a ƙafa, mutanen gari suna shigowa cikinmu daga kowane lungu. Ignacio ne ke tura Arvid a keken guragu da aka aro masa, suna faɗa kan wanda ya fi iya tuƙi.

Da muka gangaro tashar, jiragen masunta duk suna ciki, ba wanda ya fita kamun kifi a ranar. Ɗaya ya busa ƙahonsa, sauran suka amsa gaba ɗaya, har tsuntsayen teku suka watse daga kan rufi. Arvid ya cire na'urar ƙara ji daga kunnensa ya sa a aljihu. Na sunkuya na tambaye shi ko ƙarar ta dame shi. Bai ji ni ba. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, na ji yadda ƙarar ke girgiza shi, muka tsaya a haka har suka yi shiru.